Ranar Sakin Kogi

Tun da aka buɗe hanyar kekuna ta fadama, babu baƙon da ya taɓa tarar da koginmu a ƙafe. Ana riƙe ruwan a madatsa, sai masu yawon buɗe ido sun taso a sake shi.

Wata uku ba baƙo, don haka Barau ya shuka albasa a busasshen kwarin kogin. Da hantsi Isuhu mai gadin hanya ya jingine kekensa, ya leƙo.

"Kawu, baƙi goma sha biyu, da la'asar. An riga an saki ruwa."

"Saura kwana tara ta isa cira, Isuhu."

"Na faɗa musu. Suka ce kogi baƙin suka zo gani, ba albasa ba. Kuma don Allah ka ɗaga musu hannu in sun zo wucewa. Wancan karon da ba ka ɗaga ba, har ofis aka kira ni."

Da la'asar kekunan suka wuce a jere, ana ta yaba cikar kogin. Barau na duƙe cikin ruwa har gwiwa. Ya ɗaga musu dama yadda doka ta ce, hagunsa na lalube a ƙasa, yana tuge abin da ya samu.