Ƙarshen da Ya Yanke

Ta bangon ɗakin sayar da tikiti take jiyo mai silima yana yi wa mai haska fim faɗa.

"Sau uku ke nan kana yanke ƙarshen fim ɗin kaboyin Amurka! Zaure ya cika, mutane sun ƙagu su ga jarumi ya hau doki ya bar yarinyar, sai ka kunna musu fitila?"

Ita ta san dalili. Ya fara ne tun ranar da ta gaya masa wani na neman aurenta.

Mai silima na saukowa ta hau ɗakin haska fim. Guntun fim ɗin da ya yanke na naɗe a yatsan mai haskawar.

"Gobe zan ba shi amsa," ta ce. "Kana da magana?"

Ya dube ta, ya dubi 'yar tagar da yake leƙen zaure.

"Mutumin kirki ne, ƙanwata."

Shekara huɗu tana jiran ya ce yana sonta, sai yau ta zama ƙanwa. A nan ta gane cewa rashinta ya fi masa sauƙi a kan buɗe baki.

A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Kalma ɗaya na hawo nema, yaya. Ci gaba da kallo, ai shi ka iya."