Akwatin Auna Zurfi

Ranar da teku ta iso Yawuri aka hana tura kwalekwale da gora. Kowane jirgi sai da akwatin auna zurfi; in bai yarda ba, inji ba ya tashi.

Jatau masunci ya kai jirginsa shago a ɗaura masa sabon akwati.

"Baba, wace murya za mu sa?" in ji mai shagon. "Akwai ta marigayiya Tasalla."

"Har muryar matata kuka kwashe? Akwatinku ne ya hana injina tashi ranar da zan kai ta asibiti, wai ruwa ya yi ƙasa."

"To, a sa?"

Jatau ya kau da kai. "Sa."

"Malam, mu koma gida," in ji akwatin da muryar Tasalla.

Haka Tasalla ta faɗa a waccan ranar, ta cika kafin ya ce mata, "Hau bayana, ruwan iya gwiwa ne."