Gadon da Mijina Ya Haye

"Ki yafe ni, ki riƙe yara amana," in ji mijina, yana fyace hanci a layin ganin likita. Atishawa ya fara da safe, ya ce tafiya ce ta zo.

Ni na kawo shi, ina haki, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Zazzaɓi ya kwana biyu a jikina, ban gaya wa kowa ba.

Muna shiga, likita ta ƙwala wa nas kira: "Gado, maza!"

Gogan ya haye, ya miƙe ƙafa. "Kin gani? Kika ce raki ne."

"Malam, sauko," in ji likita. "Hutu da ruwa sun ishe ka. Matarka za mu kwantar. Ba ka jin numfashinta?"

Ya sauko a sanyaye. "To ni wa zai yi jinyata?"