Awakin da Suka Ci Darninsu

Ɗayyabu, ɗana, ka ce ba ka gane bayanin likita a kan ciwon cikinka ba. Ni gwaggonka na yi aikin jinya har na tsufa, bari in faɗa maka da Hausa. A cikin hanji akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma namu ne, suna yi mana aiki. Abincinsu wake da ganye da hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba. Jikin hanjin kuwa shafe yake da wani yauƙi mai kare shi. In ka bar su da yunwa, suna da sinadarin da ke tsinke sukarin da ke cikin yauƙin nan, su ci. Yauƙin na raguwa, sai ƙwayoyin cuta su samu hanyar shiga jikin hanjin. Ga misali.

Wani manomi ne a bakin gari, matarsa ta rasu ta bar masa awaki. Ita ta kewaye su da darnin kara mai kauri, saboda karnukan da ke yawo a bayan gari. Tana raye kullum akwai harawa a gabansu. In sun ɗan tsinki ganyen darnin, ta sa sabon kara. Da ta rasu baƙin ciki ya kwantar da shi. Yakan zuba musu ruwa, ya koma ɗaki ya zauna. Harawar na kan rufin ɗaki, bai sauke ba. In ya dubi darnin ta waje sai ya gan shi tsaye lafiya lau, bai san awakin na cin sa ta ciki ba, yau ganye, gobe kara, har ya zama shara-shara.

Ranar sadakar arba'in ya tafi gidan surukansa. Da ya dawo da la'asar ya tarar da ɓula a darnin, ga sawun karnuka, ga jini. Akuya ɗaya ta rage, tana raɓe a kusurwa. Ya durƙusa ya rungume ta yana kuka, ya ce, “Ba laifinku ba ne. Ni na bar ku da yunwa.”

Karnukan nan sun daɗe suna zagaya gidan, ba su taɓa samun hanya ba sai da na ciki suka buɗe musu. Shi ya sa Hausawa suka ce, da ɗan gari akan ci gari.