Darasin da Kausar ke ba ƙaninta

Kifin banda ya ƙare da wuri ranar, 'yan kasuwar Malanville na ƙetaren kogi sun kwashe shi tas, don haka Zalika ta dawo gida tun kafin la'asar. A zaure ta tuɓe takalmanta da suka sha laka, shi ya sa babu wanda ya ji shigowarta.

Daga tsakar gida muryar Kausar, ɗiyarta ta fari, ke tashi. Ta zaunar da ƙaninta Yasir a kan 'yar kujera, tana ba shi darasi kamar malamar lakwal a gaban aji.

"In ka ji taku da ƙarfi, ka kau da kwano daga hanya. In aka ɗaga hannu fa?"

"In rufe kaina."

"Kuka fa?"

"Ba a yi. Yana ƙara fushi."

Maganar Zalika ce, ba ragi ba ƙari. Ita ta koya wa Kausar wannan a Yelu, lokacin da mijinta Sha'ibu kan dawo daga tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, ya huce gajiyar hanya a jikinta. Ta yi haƙuri har haƙurin ya gaji da ita, sannan ta gudo nan Gaya, garin bakin kogi. Tun daga nan take fama ita kaɗai: hayaƙin banda, ciwon kai, yara masu ɓarin miya, ga zuciyar da yanzu abu kaɗan ke tayar da ita. Amma dai ta raba su da shi. Abin da take gaya wa kanta ke nan kullum.

Ashe tsoron ya biyo su har bakin kogi. Ta ga laifin kanta, domin da ta fito daga gidan Sha'ibu da wuri, da yarinyar nan ta daɗe da manta mutumin.

Ta goge ido da bakin zane, ta shiga da sauri, ta miƙa hannu za ta rungume su.

"Ke yarinya, bar wannan. Babanku ba zai..."

Yasir ya zamo daga kujerar, ya dunƙule a ƙasa, hannu biyu a ka, ko uhum bai ce ba. Kausar ta yi wuf ta shiga tsakaninsu.

Zalika ta tsaya cak. Yaron nan a Gaya aka haife shi, bai taɓa ganin ubansa ba. Hannu ɗaya ya sani yana dukansa a duniya, shi ne wanda ta miƙa masa.