Manomin da Ya Kai Baƙonsa Kallon Siminti

Haladu, ashe kai ma ka shiga sahun masu cewa jiharmu ba abin gani sai gero da jakai? To gyara zama, yau ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

An yi wani manomi a bakin fadama, irin ƙauyen nan da mota ba ta shiga sai ruwa ya ga dama. Wata shekara ciwon ido ya kai shi wani babban birni can kudu, aka haɗa shi da wani ɗan kasuwa ya sauka a gidansa. Mutumin nan ya riƙe shi riƙon ɗan'uwa. Da idon ya warke ya zaga da shi gari, ya nuna masa teku, da gadar da ke tafiya a kan ruwa, da benayen da in ka ɗaga kai kallonsu sai hularka ta faɗi. Da za su rabu manomi ya ce masa shi ma sai ya zo ƙauyensu, irin faɗar nan ta fatar baki. Bai san ya gamu da mai cika alkawari ba. Damina na ja da baya sai ga saƙo, baƙo yana tafe.

Hankalin manomi ya tashi. Tuwo akwai, rago akwai, amma me za ka nuna wa mutumin da ya nuna maka teku? Abin da yake tsoro shi ne abokinsa ya koma gida yana da-na-sanin zuwa, zumuncin ya mutu daga nan. Sai ya yi shawara da zuciyarsa, ita kuwa ta ba shi gurguwa. Ya tari baƙo tun a tasha, bai bari ya ko shaƙi iskar ƙauye ba, ya ɗauki shatar mota sai babban birnin jiha. Ya nuna masa shataletale. Ya nuna masa sabuwar kasuwa mai rufin kwano, da wani bene hawa uku da shi kansa yake alfahari da shi kamar da guminsa aka gina. Baƙo yana cewa madalla yana danne hamma. Kafin la'asar ya fara tambayar inda ake samun motar komawa, manomi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da ƙyar ya roƙe shi ya je ko gaisawa da iyali ya yi. Washegari suka kama hanya, sai suka tarar ruwa ya cinye hanyar mota, dole suka sauka suka ratsa ta gonar manomin, wato daidai wurin da yake ta ɓoyewa. Haladu, a nan labari ya juye! Baƙo ya yi turus. Ga masunta kwance rub da ciki a kan manyan goruna, suna shawagi bisa ruwa, in sun kama kifi su jefa shi cikin goran da suke kai. Ya tambayi sunan wannan tafki. Manomi ya sunkuyar da kai ya ce ai ba tafki ba ne, gonarsa ce. Yanzu kifi take bayarwa, ga shinkafa can gefe ta kusa yanka, in ruwa ya janye a nan zai zuba alkama, bayan girbi kuma Fulani su kawo shanu su bar masa taki. Baƙo ya sa shi ya maimaita, don ya zaci kunnensa ne. Suna cikin haka tsuntsaye suka tashi har suka kare rana. Manomi ya duƙa ya ɗauki hoge zai jefe su, yana kiransu ɓarayin shinkafa, baƙo ya riƙe masa hannu. Ya ce ya taɓa ji a rediyo cewa irin waɗannan sukan ƙetaro teku da hamada gudun sanyin ƙasarsu, ashe nan suke sauka. Da rana ta yi zafi suka fake a inuwar dutsen da manomi yake ɗaure jakinsa, baƙo ya ɗaga kai ya ga shanu masu dogayen ƙahoni zane da jan abu a jikin dutsen. Manomi ya ce ko kakan kakansa haka ya tarar da su. Sannan ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa wani falale, ya yi amo kamar an buga kuge, ya ce nan 'yan mata suke zuwa kiɗa in ana biki. Baƙo ya ƙwace dutsen ya dinga bugawa yana dariya, dattijo da furfurarsa.

Da ya gaji ya juyo ya dubi mai masaukinsa ya ce, "Haba Alhajin Allah, kana da wannan ka kai ni kallon siminti? Ai siminti na baro a gida."

Mutumin da jiya yake neman mota bai tafi ba sai da aka yanke shinkafa da shi, shekara na zagayowa kuma ya dawo da matarsa da 'ya'yansa. Amma abin da ya fi burge ni shi ne manomin. Washegarin ranar da suka ratsa ta gonar ya fita gona ba fartanya ba lauje, ya tsaya a kan kunyar gonar yana kallon wurin da aka haife shi, baki buɗe, har maƙwabta suka zaci idon ne ya sake tashi.

To Haladu, kafin ka ƙara cewa ba abin gani a jiharmu, ka fara zaga bayan gidanku tukuna. Hausawa dai sun riga sun gama magana: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.