Gudummawar Alhaji Gado

Samira ta sa wuƙa ta raba faifan bidiyo gida biyu, ta wanke shi da alkol, ta ɗaga shi a haske. Wannan ma ya lanƙwashe. Saura sati uku ta kare kundin digirinta a jami'a, leza kuma, na'urar haske da take haɗawa, ta ƙi kamawa.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. A jikin faifai akwai layuka kamar kunyoyin gona, sai dai silin gashi ya fi su kauri sau ɗari. Takan kwafe su a roba mai laushi, ta shafa musu siririn sinadari mai ɗaukar lantarki, ta haska. Idan layukan sun miƙe, sai haske ya fito tsaye, kaurin shafin kuma ya zaɓi launinsa. To amma ragowar fayafayan kasuwar Sabon Gari duk rana ta gasa su a kan tebur.

Da ta yi ƙorafi wajen cin abinci, ba ta zaci mahaifinta yana ji ba. Alhaji Gado ɗan kasuwa ne mai ɗaure fuska, wanda ko ƙarar waya mai kiɗa ba ya yarda da ita a gidansa, karatunta kuwa wasan tocila yake kiransa.

"In kin gama, mi ka samun faifan?" ya tambaya.

"Ya mutu ke nan, Baba."

"Kwata-kwata?"

"Har abada."

Washegari ya rufe shago da hantsi, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Ya je Tsibiri gidan ƙannensa, ya je Jiratawa gidan surukai, ya bi dangi gida-gida a unguwar Zariya. Duk inda ya shiga sai ya ce ilimi ke nema. Ya dawo da tsofaffin fayafayai masu kyau, iri ɗaya, da aka adana cikin akwatuna, har ya kankare musu rubutu don ya rage mata aiki.

"Hwasa su duka, ɗiyata. Kak ki bar ko guda."

Samira ta yi kuka don daɗi. Mahaifiyarta, Hajiya Safiyatu, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Leza ta kama. Shafi siriri ya ba da rawaya, mai kauri ya ba da ja, malamai suka yaba. Samira ta gode wa mahaifinta a gaban jama'a, ya gyara zama yana murmushi irin na wanda ya sauke kaya.

Da la'asar Hajiya ta kira ta ɗaki, ta zaro faifai ɗaya daga ƙasan kwalla.

"An raba ma dangi da yawa a lokacin. Wanga kaɗai ya tsira, kuma ba na hwasawa ba ne."

Samira ta saka shi a kwamfuta, sai ga bikin ƙanin babanta shekara ashirin baya, ga Alhaji Gado a tsakiyar masu kalangu, hula a karkace, yana tiƙar rawa har ƙasa.